Lokaci Mai Ci a Ingilishi: Me Ya Sa Yaranmu Ke Rubuta "Yesterday I Am Going"?

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Duk wanda ya taɓa zama da jan biro yana duba insha'in ɗalibai a Kano ko Katsina ko Zariya ya san jumlar nan: Yesterday I am going to the market. Shekara da shekaru muna jan layi a ƙarƙashin am, muna rubuta was a samansa, amma idan jarrabawar WAEC ko NECO ta zo, yaron zai sake rubuta abinsa yadda ya saba. Abokan aikina da yawa suna cewa lalaci ne, wai yaran yanzu ba sa karatu sai danna waya. Ban yarda ba. Malalaci kuskurensa barkatai yake. Wannan kuwa kuskure ɗaya ne, a wuri ɗaya, daga yara masu ƙoƙari da marasa ƙoƙari. Akwai ƙa'idar da yaron yake bi, kuma ƙa'idar Hausa ce.

Ba sai na tsaya bayanin cewa Ingilishi yana gina lokaci mai ci da am ko is ko are, shuɗaɗɗensa da was ko were, sannan aikatau mai ƙarewa da -ing ba. Kowa a ɗakin nan ya rubuta wannan jadawali a allo har ya gaji. Abin da ba ma gaya wa yara shi ne, ina da kana da yana da suna na Hausa ba sa ɗauke da lokaci ko kaɗan. Abin da suke nunawa kawai shi ne aikin yana gudana, bai kammala ba. Paul Newman a babban kundinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, da Philip Jaggar a nasa na 2001, duk sun bayyana haka. Ku duba da kanku. "Yanzu ina karatu." "Jiya war haka ina karatu." "Gobe war haka ina karatu." Ina bai canza ba sau uku. Yanzu da jiya da gobe ne suka ɗauki nauyin lokacin. To yaron da ya riga ya rubuta yesterday a farkon jumlarsa, a tunaninsa ya gama sanar da lokaci, me zai sa ya sake taɓa am? Shi kuwa Ingilishi sai an faɗi lokacin sau biyu, a kalmar lokaci da kuma a cikin ɗan taimakon aikatau. Wannan bayanin minti 5 ne. Na rantse akwai ɗaliban da suka gama aji 6 na sakandare ba wanda ya taɓa yi musu shi.

Yanzu ga inda na fi son mu daɗe. Babban amfanin was da were tare da -ing shi ne shimfiɗa aikin da ke gudana domin wani gajeren aiki ya faɗo cikinsa: I was eating when he came in. Littattafan aji sukan ɗauki shafuka suna zana layuka da kibiyoyi don bayyana wannan. Alhali yaro ɗan shekara 6 a Bichi yana yin sa ba tare da tunani ba: "Ina cin abinci sai ya shigo." Ka tambaye shi bambancinta da "Da ya shigo sai na ci abinci", nan take zai ce maka a ta farko baƙon ya tarar da shi yana ci, a ta biyu kuwa sai da baƙon ya iso aka fara. Wannan shi ne daidai bambancin I was eating when he came in da I ate when he came in. Ma'anar tana kansa tun kafin ya sa ƙafa a makaranta. Duk tatsuniyar da kakarsa ta yi masa a kan wannan ginin take tafiya: Gizo yana cikin tafiya, sai ya gamu da kura. Aikinmu kaɗan ne: mu nuna masa cewa wannan "yana" na labari was ne, abin da ya biyo bayan "sai" kuma shuɗaɗɗen aikatau ne zalla. Haka nan while: "Ina shara tana wanke-wanke" ita ce I was sweeping while she was washing up.

Akwai kuma wurin da Hausa take ja shi ya zarce. Mu muna cewa "ina da mota", "ina son shayi", "ina jin Hausa", duk da siffar lokaci mai ci. Daga nan I am having a car da I am hearing Hausa suke samun gindin zama, domin Ingilishi ba ya yawan barin aikatau na mallaka da so da fahimta su ɗauki -ing. Sai ku lura, "na sani" da "na gane" muke cewa, ba "ina sani" a wannan ma'anar ba, saboda haka malamin da ya san Hausa zai iya hango waɗanne aikatau ne za su fi wahalar da ajinsa, ya ba su lokaci, maimakon ya sa a haddace dogon jeri. Ga kuma "kullum ina zuwa makaranta", wadda ke haifar da I am going to school every day a inda Bature zai ce I go. Batun rubutun running da making da lying kuwa, atisaye ne kawai, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba.

Na san abin da za a ce. Masu duba makarantu da wasu malaman jami'a za su ce a nutsar da yaro cikin Ingilishi zalla, zai ɗauka da kansa. Wannan yana yi wa ɗan baƙin haure a Landan, wanda ke jin harshen a mota da kanti da filin wasa. Namu yaron yana jin sa minti 40, wani lokaci daga bakin malamin da shi ma yake cewa I am having. Wasu kuma za su ce kwatanta harsuna irin na Robert Lado na 1957 tsohon yayi ne, an nuna ba kowane kuskure ne ke fitowa daga harshen uwa ba. Gaskiya ne, ba kowane ba. Wannan dai daga can yake. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba harshen uwa gurbi a farkon firamare, Farfesa Babs Fafunwa kuma ya gwada koyarwa da Yarabanci a Ife tun daga 1970, amma har yau akwai makarantun da ake cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji.

Abin da nake nema, kuma na daɗe ina nema, ba shi da tsada. A daina raba lokaci mai ci na yanzu da na da zuwa zango daban-daban; a koyar da su a mako ɗaya, am kusa da was, da jumlar Hausa guda a samansu don yaro ya ga inda Ingilishi ya rabu biyu. Kwalejojin ilimi su tilasta wa duk mai neman NCE a Ingilishi a yankin nan ya yi kwas na kwatanta nahawun Hausa da na Ingilishi, sassan Hausa da na Ingilishi su koyar da shi tare. Masu duba makarantu kuma, idan sun tarar da malami ya rubuta "Ina cin abinci sai ya shigo" a allon darasin Ingilishi, su zauna su saurari darasin har ƙarshe kafin su rubuta masa takardar tuhuma.