Hasken Leza da Jirgin Masunta



A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da jirgin ruwa na itace mai tsawon fiye da mita 8, wanda ya kai shekara 8,000. Mu 'yan Kirikasamma abin bai zama mana baƙo ba, domin da kwale-kwale iyayenmu ke su a rafin Marma. Amma fa awon jirginsu a kan masassaƙi yake. Ran da ya rasu, ya tafi da abinsa.

To, yanzu akwai na'urar awo wadda ake riƙewa a hannu. Takan haska layin leza a jikin abu, kyamararta ta ga yadda layin ya lanƙwashe, kwamfuta kuma ta tara miliyoyin ɗigo ta fitar da siffarsa, kuskuren bai kai kaurin gashi ba. Da ita injiniyoyi ke kwafar sassan injin da aka daina ƙerawa.

Saboda haka muna roƙon tsangayar injiniya ta nemo ɗaya, mu kai ta wurin dattawan nan tun suna raye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.