Wa Zai Ɗauki Nauyin Mujallar da Ake Karantawa Kyauta?



An ɗora mini in yi magana a kan buga sakamakon bincike ta yadda kowa zai karanta a intanet ba tare da ya biya ko sisi ba. Ba na jin akwai mai jayayya da kyawun wannan manufa a zauren nan, don haka ba zan ci lokacinku wajen tallata ta ba. Abin da nake so mu duba shi ne hidimar da ke bayan mujallar: wa ke yin ta, wa ke biya, kuma me ke samun mujalla idan babu mai yi.

Asalin maganar ba shi da tsawo. Malami ya yi bincike da kuɗin gwamnati, ya rubuta maƙala ya miƙa wa kamfanin buga mujallu kyauta, 'yan'uwansa masana su tantance ta su ma kyauta, sannan kamfanin ya juyo ya sayar wa ɗakin karatun jami'ar da tsada. Ribar kamfanin Elsevier ta daɗe tana haura kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da yake samu. Masana kuwa sun daɗe suna neman wata hanya: tun a 1991 Paul Ginsparg ya buɗe rumbun arXiv a Los Alamos ta Amurka, inda masana kimiyyar lissafi da fiziks ke ajiye maƙalunsu kowa ya ɗauka. A watan Fabrairun 2002 aka fitar da sanarwar Budapest, wadda ta zama tutar masu neman a buɗe ƙofar ilimi, ta Berlin ta biyo baya a 2003.

Kamfanonin kuwa sai suka sauya wanda za su karɓi kuɗi a hannunsa. Mai karatu ya huta, marubuci ya biya. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya ga wanda ke son a buɗe tasa ga kowa. Kowa a nan ya san albashinsa, ya yi lissafi da kansa. Akwai rangwame, gaskiya ne, amma galibi ana bin jadawalin Bankin Duniya ne wajen bayar da shi. Malamin Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai zai iya samun yafiya gaba ɗaya saboda an lissafa Nijar cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, na Kano ko Zariya kuwa sau da yawa sai dai ragi, domin a takarda Nijeriya mai matsakaicin ƙarfi ce. A da ba ma iya karantawa, yanzu muna karantawa amma ba ma iya bugawa.

Wannan tsari na biya a buga shi ya haifi mujallun bogi, masu aiko wasiƙa ta imel suna yabon mutum da alkawarin buga masa cikin kwana uku. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai a kan maganin ciwon daji, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta buga labarin. Akwai abu biyu da ba a cika faɗa ba a kan wannan gwaji. Bai aika wa mujallun da ake saye ba, balle a kwatanta. Kuma sunayen marubuta da na cibiyoyin da ya ƙirƙira, ya yi su ne da kamannin na Afirka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana irin kallon da ake yi wa maƙalar da ta fito daga wajenmu tun kafin a buɗe ta.

Ni a ganina ba Turai ya kamata mu kalla ba, Latin Amurka ya kamata. A Burazil, hukumar tallafa wa bincike ta jihar São Paulo ta haɗa hannu da cibiyar bayanan lafiya ta BIREME suka kafa rumbun mujallu na SciELO a ƙarshen shekarun 1990. A Meziko wata jami'ar gwamnati ta kafa irinsa, Redalyc. Hikimarsu ita ce sun ɗauki hidimar mujalla a matsayin aikin jami'a, kamar yadda ake ɗaukar ɗakin karatu ko ɗakin gwaje-gwaje, aka saka ta cikin kasafi. Shi ya sa yawancin mujallun yankin ba sa karɓar kuɗi a hannun marubuci ko mai karatu, kuma da Sifaniyanci da Fotugis suke bugawa ba tare da jin kunya ba. Mu ma muna da tamu a nahiyar nan: AJOL, wadda ƙungiyar INASP ta fara a Ingila a 1998, aka kawo ta Afirka ta Kudu a 2005. Tana ɗauke da ɗaruruwan mujallu, kuma Nijeriya ce ke da kaso mafi girma a cikinsu.

Yanzu bari mu leƙa gida. Kowa ya san yadda mujallar sashe take fitowa. Ana naɗa edita, yawanci wanda aiki ya riga ya yi wa yawa. Ya tara kuɗi a hannun masu maƙalu, ya kai wa mai ɗab'i, a bugo kwafi kaɗan. Kowane marubuci ya karɓi nasa ya saka cikin fayil ɗin neman ƙarin girma, sauran su zauna cikin kwali a ofishin shugaban sashe, ƙura da gara su raba. Idan an yi sa'a akwai wani ƙaramin malami mai hannu a kwamfuta, sai ya buɗe wa mujallar shafi da kuɗin aljihunsa. Ranar da ya tafi Malesiya karatun digiri na uku, ya tafi da kalmar sirrin shafin a kansa, shekara na zagayowa ba a biya kuɗin rajista ba, shafin ya rufe. Babu wanda ya yi mugunta a cikin wannan labari. Matsalar ita ce aikin bai da mai shi.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. Mikael Laakso da abokan aikinsa sun bi sawu a 2020, suka gano mujallu fiye da 170 da ake karantawa kyauta waɗanda suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019, mafi yawansu na jami'o'i da ƙungiyoyin masana. Mujallar takarda ko ta mutu, akan tsinci kwafinta a wani kanta. Ta intanet idan ta tafi, ta tafi ke nan, sai fa idan an riga an ajiye kwafinta a rumbunan adanawa irin su LOCKSS, wanda Jami'ar Stanford ta fara.

Abin takaicin shi ne yawancin kayan aikin ba su da tsada. Manhajar OJS, wadda John Willinsky da abokansa suka samar a Kanada, kyauta ce, kuma da ita ake karɓar maƙala, a tura wa masu tantancewa, a buga. Lambar ISSN a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta. Shiga kundin DOAJ, wanda Jami'ar Lund ta Suwidin ta buɗe a 2003, ba a biyan komai. Abin da suke nema shi ne mujalla ta bayyana 'yan kwamitin editocinta, yadda take tantance maƙala, da lasisin da take bugawa a ƙarƙashinsa. Lambar DOI ce ake biya wa Crossref, kuma ita ce ke sa a gano maƙala ko da shafin ya sauya adireshi. Abin da ya yi tsada shi ne mutum: wanda zai zauna ya shigar da suna da tsakure da fitilun kalmomi daidai, ya duba manazarta, ya bi masu tantancewa da tuni, ya sabunta manhaja. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma mazauninta ɗakin karatu. Ma'aikata biyu ko uku da aka horar za su iya riƙe dukkan mujallun jami'a guda a kan na'ura ɗaya, maimakon kowane sashe ya riƙa fama shi kaɗai.

Ga 'yan'uwana masu rubutu da Hausa akwai ƙarin aiki. Da yawa daga cikin maƙalunmu da kundayen digirinmu an buga su ne da tsofaffin haruffan kwamfuta, waɗanda aka ari gurbin wasu alamomi aka saka masu lanƙwasa a ciki. Sun yi mana rana a lokacinsu. Amma a ido ne kawai kalmar take daidai. A cikin na'ura ƙasa tana nan a matsayin qasa, ɗaya kuma xaya, ko wata alamar baka ta maye gurbin harafin. Ɗalibi a Maraɗi ko Kumasi zai rubuta kalmar daidai a Google, ba zai ga maƙalar ba alhali tana nan a buɗe. Mayar da waɗannan rubuce-rubuce zuwa tsarin Unicode, da ɗaukar hoton tsofaffin fitowar mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Kano Studies a saka su inda za a same su, aiki ne da babu kamfanin waje da zai yi mana.

Kuɗin fa? Asusun TETFund yana da tallafin mujallun ilimi, amma mun saba kashe irin wannan kuɗi wajen ɗab'in takarda. Ina roƙon hukumar jami'a ta ware wani kaso na dindindin domin na'urar ajiya, lambobin DOI da horar da ma'aikata, a rubuta shi da sunan ɗakin karatu, ba da sunan edita ba. Su kuma kwamitocin ƙarin girma, muddin suna ba maƙalar da aka biya dala aka buga a waje maki fiye da wadda aka tantance da gaske a gida, to malamanmu za su ci gaba da kai mafi kyawun aikinsu waje, a bar wa mujallunmu ragowa. Gyaran ba shi da wuya: mujallar gida da ta shiga DOAJ ko AJOL, take fitowa a kan kari, take da DOI, a ba ta cikakken maki. Wasu daga cikin masu zama a waɗannan kwamitoci suna sahun gaba a zauren nan, ina fatan za su fara ɗaga hannu idan an zo tambayoyi.