Ginin Jimlar Turanci da Tarkon da Yake Ɗana wa Bahaushe

Jawabin da aka yi wa ɗalibai da ƙananan ma'aikatan gwamnati a Unguwar Rimi, Kaduna



Tun shekarar 1917 da Gwamna Lugga ya ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru ya dawo da ita nan Kaduna, garin nan ya zama garin takarda. Akawunan farko yawancinsu baƙi ne daga Kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, don su ne suka riga mu jin Turanci. Da gwamnatin Sardauna ta tashi haiƙan a shekarun 1950 don 'yan Arewa su karɓi aikin ofis, babban abin da ya tsaya mata a gaba shi ne samun samarin da za su iya rubuta wasiƙa da Ingilishi ba tare da Bature ya bi ta da jan alƙalami ba. Yau Turawa sun tafi, amma jan alƙalamin yana nan. Wanda bai ci Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ƙaramin ma'aikaci kuwa da rubutunsa na cikin fayil ake auna shi tun kafin a ga fuskarsa.

Ra'ayina shi ne, ba ƙarancin kalmomi ne yake kayar da mu ba. Ɗalibinmu ya san manyan kalmomi, har ma yakan yi ado da su fiye da kima. Inda yake tuntuɓe shi ne wajen jera su, watau sanin irin kalmar da take bin wata a cikin jimla.

Wani malami Baturen Ingila, A. S. Hornby, ya gano haka lokacin da yake koyarwa a Japan. Ya lura ɗalibansa sun san ma'anar aikatau amma ba su san abin da ya kamata ya biyo bayansa ba. Saboda haka a ƙamusunsa, wanda aka fara bugawa a Tokiyo a 1942, kana Oxford ta buga a 1948, da kuma littafinsa na tsare-tsaren jimla na 1954, sai ya kasa aikatan Turanci gida 25 bisa ga abin da yake binsu. Daga baya Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban nahawunsu na 1972, suka nuna cewa sassauƙar jimlar Turanci ba ta wuce siga 7. Bakwai kacal, jama'a. Mutumin da ya haddace izu sittin bai kamata siga bakwai ta gagare shi ba.

To, me ya sa take gagararmu? Domin Hausa da Turanci sun yi kama, kamar kuwa ita ce tarkon. Mu da su duka aikau muke fara sawa, sa'an nan aikatau, sa'an nan karɓau: "Audu ya sayi doki", "Audu bought a horse". Da ɗalibi ya ga haka sai ya saki jiki, ya ɗauka ko'ina hanya ɗaya ce, alhali kuwa kama da wane ba ta wane. Ko a wannan 'yar jimla akwai bambanci. Hausa ba ta yarda a yar da "ya" ba, don shi ne yake ɗauke da lokaci, Turanci kuwa a jikin aikatau yake nuna lokacinsa. Daga nan ne "Audu he bought" take fitowa a bakin 'yan firamare.

Bari in daɗe kaɗan a kan aikatau mai karɓau biyu, don nan ne ramin ya fi zurfi. Mukan ce "ya kawo mini littafi", Bature ya ce "he brought me a book". Daidai wa daida. Haka "give" da "send" da "tell" da "show". Sai Bahaushe ya ce, ashe "mini" ita ce "me", ya ɗauki "ya bayyana mini maganar" ya mai da ita "he explained me the matter". Nan ya fāɗa. Aikatau irin su "explain" da "suggest" da "report" da "describe" ba su karɓar mutum kai tsaye. Dole abin ya fara zuwa, mutum ya biyo baya da "to" a gabansa: "he explained the matter to me". Babu wata hikima da za ta sanar da kai wannan daga ma'anar kalmar. Sai dai ka koyi kowane aikatau tare da 'yan rakiyarsa, yadda ba a sayen takalmi ƙafa ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban sha'awa. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Jami'ar Landan, ya nuna a 1960 cewa aikatan Hausa aji 7 ne, kuma da sauya wasalin ƙarshe da karin sauti muke juya ma'ana. Saiwa ɗaya ce take ba mu "na ari littafi" da "na ara masa littafi". Haka "na koyi karatu" da "na koya masa karatu", haka "na sayi" da "na sayar". Turanci ba shi da wannan dabara, sai ya nemo kalmomi biyu dabam: "borrow" da "lend", "learn" da "teach", "buy" da "sell". Saboda haka yaron da ya ce "borrow me your biro" ba daƙiƙi ba ne. Nahawun Hausa ne yake aiki a kansa daidai, sai dai a gonar da ba tasa ba. Da malaminsa ya san haka, da cikin minti biyar ya warkar da shi, maimakon ya shekara yana dukansa.

Haka zancen yake game da "ina". Muna cewa "ina tafiya", muna kuma cewa "ina da mota", "ina so", "ina jin ka". Da aka koya mana cewa "ina tafiya" ita ce "I am going", sai muka bi da sauran duka: "I am having a car", "I am hearing you". Amma Turanci ya ware aikatan mallaka da na sani da na ji, irin su "own" da "know" da "understand" da "belong", bai cika ɗora musu "-ing" ba. "I have a car", shi ke nan. Ita kuwa "ji" tamu, da take ɗauke da sauraro da fahimta da ɗanɗano da wari, ita ce uwar "I can hear the smell".

Ku ma'aikata, naku ciwon yana cikin ƙananan kalmomin nan masu bin aikatau. "Mun tattauna a kan batun" ita take haifar da "we discussed about the matter", alhali "discuss" ba ta son kowa tsakaninta da karɓaunta. Haka "request" da "emphasise". Inda kuma ake bukatar ƙaramar kalmar sai mu yar da ita: "ya amsa wasiƙata" ta zama "he replied my letter", an manta da "to". Na san wasu masana suna cewa waɗannan sun riga sun zama Turancin Nijeriya, tunda har ƙamusun Oxford ya shigar da kalmominmu irin su "okada" da "Kannywood" a 2020. Ban ƙi ba. Amma shigar da kalma dabam, sauya ginin jimla dabam, mai gyara takardar jarrabawa kuma bai sami labarin wannan sassauci ba tukuna.

Wuri ɗaya da Hausa take taimakonmu shi ne jimlar da ake ɓoye aikau. Tsohuwar mabuɗin wasiƙar gwamnati, "I am directed to inform you", ba kome ba ce illa "an umarce ni in sanar da kai". Wannan "an" tamu ta sa Bahaushe yana gane sigar da wuri. Sai dai ku lura, a harsunan biyu duka mafakar mai gudun laifi ce. "An ɓatar da fayil", "the file was misplaced". Wa ya ɓatar? Shiru. In kuna son na sama ya amince da ku, ku rubuta wanda ya yi, da ranar da ya yi.

Saura tambaya. Mu ba mu juya kalmomi in za mu yi tambaya, murya kawai muke ɗagawa: "Ka gama?" Bature kuwa sai ya jawo "do" ko "have" ya sa a gaba, amma in tambayar ta shiga cikin wata jimla sai ya mai da kome mazauninsa: "Where is the file?", amma "I do not know where the file is". Sa'an nan "ko ba haka ba?" tamu guda ɗaya ce tak, shi ya sa muke liƙa "isn't it?" a wutsiyar kowace magana, alhali tasu tana sauyawa da aikatau: "you came, didn't you?"

Mafi haɗari duka ita ce amsar tambaya mai korewa. In aka ce da Bahaushe "Ba ka karɓi kuɗin ba?", in bai karɓa ba sai ya ce "I", watau maganarka gaskiya ce, ban karɓa ba. Bature kuwa ba maganar mai tambaya yake amsawa ba, aikin yake amsawa. In aka ce "Didn't you receive the money?" ka ce "Yes", to ka ce ka karɓa. Ku ɗauka a gaban alƙali ne, ko gaban kwamitin bincike, magatakarda yana rubutawa. Saboda haka duk ranar da aka yi muku irin wannan tambaya da Turanci, kada ku tsaya a kan kalma ɗaya. Ku cika jimlar: "No, I did not receive it."

Shugaba, na ga lokacina ya cika.