Koyon tafiya bayan shanyewar ɓarin jiki

Yau zancenmu a kan mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye ne. In akwai shi gidanku, ku kasa kunne.

Ciwon nan daga ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ce ta toshe, ko ta fashe. Sau da yawa hawan jini ke kawo shi, wanda muke ce ma tansiyo.

Mu nan, tausayi kan sa mu bar majinyaci kwance bisa tabarma. A kawo masa fura, a ce kada ya motsa. Tausayin nan yana cutar sa. Ƙafar da ba ta ɗaukar nauyi ƙara rauni take yi. Kuma cikin wata 3 na farko ne jiki ya fi saurin koyo. Don haka, da likita ya ba da izini, a soma.

Kai mai jinya, ka zaunar da shi bisa kujera mai ƙarfi, ƙafafunsa biyu a ƙasa. Ya tashi tsaye a hankali, ya koma ya zauna. Ya yi sau 5, ya huta.

In tsayuwa ta samu, ya dafa bango. Ya karkata nauyinsa bisa ƙafa mai lafiya, sannan bisa mai ciwo. Nan ne aikin yake. Zai ji tsoro, don bai yarda da ƙafar ba tukuna. Kada ka gaggauta shi. Ku ƙirga tare, ɗaya, biyu, uku, ya dawo. Bayan kwanaki, ya riƙa takawa gefe-gefe yana bin bangon, ya je ya komo.

Sai tafiya gaba. Ka tsaya wajen ɓarin da ya shanye, ka ɗan ja baya, ka riƙe shi a ƙugu. Kada ka ja hannunsa mai ciwo, kafaɗar tana iya gocewa. Sanda kuwa, a hannu mai lafiya ake riƙe ta. Mutane da yawa suna kuskure a nan.

Ku soma bisa daɓe, don rairayin tsakar gida yana kama ƙafa. A kawar da turmi, da igiya, da ƴan awaki. Silifas yana zamewa, gara takalmi mai riƙe dunduniya. Wajen hawa dokin ƙofa, ƙafa mai lafiya ke fara hawa. Wajen sauka, mai ciwo ke fara sauka.

Ku yi da safe ko da maraice, kullum, ko da minti 10 ne. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji, ya zauna nan take. Kada ya bar shan maganin tansiyo don ya ga sauƙi. In kun ga bakinsa ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ku kai shi gidan likita a lokacin, kada ku jira wayewar gari.