Wane Irin Kare Ya Dace da Gidan Manomi? Jawabin Malamin Dabbobi

Yau maganar kare za mu yi. Na san wani zai ce, me ya haɗa aikin gona da kare? To, wanda birai suka taɓa faɗa wa masararsa, ko dila ya ɗauke masa kaji, ko aka kwance masa akuya a turke da tsakar dare, ya san abin da ya haɗa su. Malamanmu ma sun yi bayani cewa an yarda a ajiye kare don tsaron shuka, da tsaron dabbobi, da kuma farauta. Saboda haka kafin ka karɓi ɗan kwikwiyo, fara tambayar kanka wane aiki zai yi maka, kuma da me za ka ciyar da shi.

Mu fara da namu na gida, wato wanda muka saba gani, mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa da wutsiya a lanƙwashe. Ana raina shi don ba a sayensa da tsada, sau da yawa ma kyauta maƙwabci zai ba ka. Amma ni dai a ganina, manomi ba shi da wanda ya fi shi. A ƙasar nan aka haifi kakanninsa, zafin bazara ba ya kayar da shi, yana jure kaska fiye da baƙon kare, kuma abin da gida ya ci shi zai ci. Sai dai fa kada a bar shi da ƙanzo tsura. A riƙa haɗa masa da romo, ko dafaffen wake, ko ɗan kifi, a kuma ajiye masa ruwa a inuwa kullum. Karen da ake bari da yunwa shi ne yake komawa satar ƙwai da bin juji. Aikin da kake nema gare shi kuwa haushi ne, ya tashe ka idan baƙon motsi ya zo kusa da rumbu ko garke, kuma wannan ya iya shi sarai.

Akwai kuma karen Buzaye na yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, wanda suke kira oska. Siriri ne, dogon ƙafa, har ana ganin haƙarƙarinsa ko da ya ƙoshi. Gudu gare shi, yana cim ma zomo da barewa, kuma yana manne wa mai shi, ba ya sakewa da baƙo. Makiyayi mai fili zai ji daɗinsa. Amma ba karen ɗauri ba ne, kuma ba ya son sanyi da damshi.

Sai karen Turawa, musamman Alsashan, wanda jama'a suke ce wa karen 'yan sanda. Asalinsa daga Jamus ne, a can aka kafa irinsa a 1899. Yana da basira da kwarjini, ba mai musun wannan. To amma namijinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40, ka ga cin nasa ba na wasa ba ne, kuma nama yake so. Gashinsa ninki biyu ne, na ƙasar sanyi, nan kaska take samun maɓoya. Akwai wata cuta da kaska take sa wa karnuka, mai kawo zazzaɓi da rama da haɓo, ta fi yi wa Alsashan mugun kamu. Idan asibitin dabbobi yana nesa da ku, kuɗinka na iya tafiya cikin mako guda. Ga shi kuma babban kare da ba a hore shi ba hatsari ne a gidan da yara suke shiga da fita. Kuɗin da za ka kashe a kansa, gara ka sayi tunkiya.

Namiji ko mace? Karya ta fi zaman gida, amma takan nemi namiji kamar sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, sai ka ga 'ya'ya biyar ko shida ba ka shirya musu ba. Namiji kuma yawo da faɗa. Idan malamin dabbobi ya fiɗiye shi, yawon yana raguwa, gadin kuwa yana nan.

In za ka ɗauki kwikwiyo, bari ya kai mako 8 a wajen uwarsa. Je ka ga uwar da idonka, domin halinta yakan bi 'ya'yan. Zaɓi mai idanu garau ba kwantsa, fata ba ƙazwa, ciki ba kumburi, domin kumburin ciki alamar tsutsa ce. Tafa hannu ka gani, wanda ya ɗago kunne ya nufo ka ya fi wanda ya ruga ya ɓuya. Kada ka yarda yara su tsinto kwikwiyo a hanya ko a kasuwa. Ciwon haukan kare yana iya kwanciya a jiki makonni ko watanni ba alamar komai.

Masu tumaki, ku saurara da kyau. Kada ku jefa wa kare ɗanyen kan tunkiya, ko huhu da hanta masu ƙullutun ruwa. Daga nan yake ɗaukar tsutsar ciki, ya zubar da ƙwanta cikin kashinsa a kan ciyawa, tumaki su ci. Tunkiyar da kuke gani tana zagaye wuri ɗaya kamar mai hajijiya, sau da yawa daga nan abin ya faro. A dafa kafin a ba shi, ko a binne da zurfi, a kuma ba shi maganin tsutsa duk wata 3.

Yanzu sai babbar maganar, wato haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, ba magani. Kowane irin kare ka zaɓa, na gida ko na Turawa, duk ɗaya suke a nan. A yi masa allurar rigakafi yana wata 3, a sake kowace shekara, a adana takardar shaida. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wannan allura, ku tambaya a ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku.

Idan kuwa kare ya ciji wani, ko da naku ne, ko da ɗan karce ne, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya shafa toka ko ɗaure ganye. Karen kuma a tsare shi wuri ɗaya kwana 10 ana ba shi abinci, a kira malamin dabbobi ya duba shi. Amma kada a jira kwana goman su cika kafin a kai wanda aka ciza asibiti.