Ajiyar Ranar Tsufa ga Ma'aikatan Attajirai

Hakimai, da ku malamai, ina neman izini in yi bayanin wani al'amari da ya shafi talakawanku na ƙasar Gaya da Ajingi.

Kun san al'adarmu. Yaro ya kan shiga hannun ubangida tun yana saurayi, a yi masa aure, a ba shi ɗaki, in ƙarfi ya ƙare a riƙa aika masa da hatsi. Wannan abu ne mai kyau muddin ubangida yana da rai. Amma ran da ya cika, magada suka raba dukiya, bara ba shi da ko anini a ciki, gama shi ba magaji ba ne. Tsofaffi nawa irin wannan suka zo ƙofarku da kuka?

Gwamnati ta daɗe da lura da haka. Tun cikin 1961 aka kafa asusun ajiya domin ma'aikatan kamfanoni. A 2004 aka yi sabuwar dokar fensho, aka kuma sake ta a 2014.

To, a ce wani attajiri a Gafasa yana da injin casar shinkafa da motoci, ma'aikatansa sun kai 15. Doka ta hau kansa ke nan. Kowane ma'aikaci zai zaɓi kamfanin fensho mai lasisi, a buɗe masa asusu da sunansa. Kowane wata a cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, maigida ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Mai albashin naira 70,000 za a cire masa 5,600, maigida ya ɗora 7,000, jimla 12,600. Wajibi ne kuma maigida ya yi masa inshorar rai, wadda ba ta gaza albashinsa na shekara uku ba.

Ga wurin da nake roƙon malamai su sa ido. Kuɗin nan ba na maigida ba ne, ba shi da ikon juya su cikin cinikin gyaɗa da nufin ya mayar bayan kaka. Kwana 7 na aiki doka ta ba shi bayan biyan albashi. In ya wuce, akwai tara, aƙalla kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe, kowane wata. A ganina, a nan ne amanar ta fi karyewa: a cire a littafi, ba a kai ba, ma'aikaci kuwa kunya ta hana shi tambayar wanda yake ci a hannunsa. Saboda haka in ƙara ta zo, kada ku tsaya ga littafin akawu, ku nemi takardar da kamfanin fensho yake aiko wa mai asusu.

Ba a taɓa ajiyar sai mutum ya bar aiki ya kuma kai shekara 50, sai fa in lalura ta kwantar da shi. Wanda aiki ya kuɓuce masa, ya yi wata 4 bai sami wani ba, yana iya karɓar rubu'i. In ya koma wani gida, asusunsa na biye da shi.

Wasu za su ce muku suna tsoron riba. Ku shaida musu tun 2021 aka ware asusun da ake juya shi bisa ƙa'idar Shari'a. Masu sana'ar kansu kuwa, kamar tela da mahauci, an buɗe musu nasu tsari a 2019. Hukumar fensho ta ƙasa tana da ofis a Kano, can za ku tura mai ƙara.