Daga Gonar Kurfi zuwa Ɗakin Gwaji a Dutsin-Ma



Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ɗan Kurfi mai son zurfafa karatu a kimiyyar halittu ba sai ya yi dogon bulaguro ba. Amma digiri na biyu ba ci gaban haddar aji ba ne. Tambaya guda ake ɗauka, a bi ta da gwaji har a ga ƙarshenta.

Tambayoyin kuwa suna nan a gonakinmu. Ku dubi ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa kan yi shekara fiye da 10 kwance a ƙasa, ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. Daga nan ya maƙale mata, ya tsotse ruwa da abinci tun kafin manomi ya ga furensa. Gano yadda ake yaudarar irin ya tsiro babu abin kamawa aiki ne da ke farawa daga ƙwayar halitta, ƙarƙashin madubin bincike. Haka tsargiya: ƙwayar cutar sai ta ratsa ta cikin dodon koɗi kafin ta shiga jikin yaron da ke wanka, ga kuma madatsar Zobe kusa da mu.

Sai dai irin wannan bincike yana son lantarki mai ɗorewa da firji da sinadarai masu tsada. A ganina, nan ya kamata kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ya fi zuba, kafin a ƙara sababbin gine-gine.